Ramin Mama a Jikin Ganuwa

Ranar wata Asabar ce, saura mako guda bikin Ista, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Mama tana cikin raminta a jikin Dogon Tudu, ta ɗaure zani a ƙirji, tana sara da digar da ta aro a gidan fasto, ni kuma ina tsugune ina kwashe jar ƙasa da hannu ina zubawa a daro. Yayana Luka ya tafi kai wani daron gida, ƙanwarmu Rahila tana zaune a inuwar ɗorawa tana cin ƙasa, don a lokacin duk abin da hannunta ya kama baki yake zuwa. Sai muka ji ƙugin mota a inda mota ba ta taɓa zuwa ba. Wata farar jif ta tsaya a bakin gonar rogo, hedimastanmu ya fito, mai unguwa ya fito, sannan wasu mutum biyu masu takalma sau-ciki, ɗaya da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Na miƙe na ƙame kamar a layin makaranta, jar ƙasa har gwiwar hannu. Mai na'urar ya dubi ramin, ya dubi Mama, ya dafe kai da hannu biyu ya ce, "Baiwar Allah, kin san abin da kike rushewa kuwa?" Mama ta jingine diga, ta share gumi, ta ce masa ƙasa take ɗiba, ba ta rushe wa kowa komai ba. A ran nan daro uku kacal muka kai gida, alhali ashirin muke bukata.

Garinmu yana kan hanyar Kagarko, kuma a wancan zamanin kasuwa ɗaya gare shi, da masallaci, da coci biyu, sai makarantarmu mai rufin kwano mai yoyo. Dogon Tudu ya kewaye shi ta gabas da arewa kamar wata ƙatuwar kunyar doya, ciyawa da ƙaya sun rufe shi, ɗorawa da ɗinya sun tsiro a kansa har sun tsufa. A gindinsa ta waje akwai dogon kwari mai cika da ruwa da damina, inda su Luka ke kama kwaɗi. Nan ne filin wasanmu. In an tashi makaranta mukan jefar da jaka a gindin ɗorawa, mu hau can ƙololuwa, mu zauna a kan tsohon kwali mu sulalo muna ihu har siket ya koma ja, a gida kuma a sha duka. Tsingaron da muke 'yar gala-gala da shi a nan muke tsinta, wani har da zane a jiki, ba mu taɓa tambayar tukunyar wa ce ta fashe ba. Hedimastan nan da ya rako baƙi ma, duk farkon zango sai ya tura mu, kowa da daronsa, mu ɗebo ƙasar tudun a daɓe aji. Na faɗi wannan ne don kada a ce Mama kaɗai ce mai laifi.

Mutum ɗaya ne a unguwar ba ya kiransa tudu, wato Malam Tanimu mai gishiri da kanwa, wanda shingen gidansa ya ƙare daidai bakin ramin Mama. Iyayensa da kakanninsa duk a kasuwar garin suka tsufa. Yakan zauna a kan buzu yana jan carbi yana kallonmu, ya ce, "Ku 'yan nan, ganuwa ce fa kuke zamiya a kanta." Mu kuwa mu ƙunshe dariya, mun ɗauka tsufa ne. Ya ce kakarsa ta ba shi labari, a da duk shekara bayan girbi ana fitowa da kiɗa a yi mata yaɓe, mutanen cikin gari suna shafawa, mutanen ƙauyuka suna kawo ƙasa da ruwa a ka. Da ya faɗi haka a gaban Mama sai ta ce, "To Malam, ashe ba sata nake yi ba. Kakannina suka kawo ta da wuyansu, ni kuma ina mayar da ita gida." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, kuma daga ranar in ya hango ta da daro sai ya ce ga mai karɓar gado nan ta iso.

Matan unguwarmu suna da ƙa'ida a kan tudun nan wadda ba wanda ya rubuta. Kowace mace da raminta, kuma ba a sa diga a ramin wata, ko ta yi tafiya, ko ta kwanta ciwo, ko ta mutu ma, sai dai 'yarta ko matar ɗanta ta gada. Mama ta gaji nata daga uwar Baba. Ƙasar kuwa ta sha bamban da ta gona. An riga an kwaɓa ta tun ba a haifi kakanninmu ba, akwai ruɓaɓɓiyar ciyawa a cikinta, in ta jiƙa ta yi danƙo, in ta bushe ka buga ƙusa sai ta lanƙwashe. Wani lokaci diga takan ɓamɓaro tubali guda cur, mai faɗi a ƙasa da tsini a sama, in ka goge shi sai ka ga sawun yatsun mutum. Na taɓa sa yatsuna a cikin sawun, suka yi mini yawa. Mama ta ce, "Saratu, ki daina wasa ki cika daro."

Rumbu ne ya sa muke wannan wahala. Baba ya rasu ina aji biyu, ciwon ciki na kwana huɗu, ya bar mana ɗaki biyu, da gonar dawa da acca, da rumbun da ya gina da hannunsa a tsakar gida a kan duwatsu. Bayan an gama zaman makoki dangi suka taru, ƙanin Baba, wato Baba Bitrus, ya ce a raba yaran, mace ɗaya ba za ta iya da baki uku ba. Allah ya sani ba mugu ba ne. Shi ma 'ya'ya shida gare shi, abin da ya ga ana yi ya faɗa. Mama ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta nuna rumbun ta ce muddin yana tsaye da hatsi a ciki, babu ɗanta da zai kwana a gidan wani. Dattawa suka ce an ji. Baba Bitrus ya ce shi ma ya ji, amma ran da rumbu ya kasa, magana ta dawo. Ina laɓe a bayan ƙofa na ji wannan, kuma tun daga ranar, kowace safiya kafin in ɗauki tsintsiya sai na zagaya rumbun ina duba ko ya tsage.

Rumbun ƙasa kuwa ba ya tsayawa haka kawai. Duk shekara kafin ruwan farko sai an yi masa sabon yaɓe, kuma Mama ta san awonta: daro ashirin, ba ƙari ba ragi. Mu kwaso, mu zube a tsakar gida, a buɗe tsakiya a zuba ruwa, a bar ta kwana biyu tana sha. Ruwan daga rafi, ni ce mai ɗaukowa, sawu nawa oho. Rana ta uku a watsa ciyawar acca da aka sussuke, ni da Luka mu shiga da ƙafa muna tattakawa har cinyoyinmu su kama rawa. Sannan Mama ta hau kan turmin da aka kifa, muna miƙa mata curi-curi, tana mannawa tana shafewa da tafin hannu, tana waƙar coci ƙasa-ƙasa. A ƙarshe ta jiƙa ɓawon ɗorawa ta shafe gindin da ruwansa don kada feshin ruwan sama ya ci shi. Da yamma wuyana ba ya juyawa. Tsakiyar kaina kuwa, inda gammo ke zama, gashi ya ƙi fitowa, har 'yan ajinmu suna kirana mai filin ƙwallo. Na tsani aikin nan, ba zan yi ƙarya ba. Amma damina biyu rumbun ya ratsa bai yi ko gezau ba, mu huɗu muna cin tuwo a kwano ɗaya.

To, sai ga baƙin nan na ranar Asabar. Suka auna tudun da igiya, suka ɗauki hoto, suka yi dogon Turanci hedimasta yana fassarawa: wai ganuwar tsohon gari ce, kayan gwamnati ce yanzu, duk wanda aka kama yana haƙa zai gamu da hukuma. Da yake Mama suka tarar da diga a hannu, sunanta aka rubuta a littafi. Mai unguwa ya ce, "Uwar Luka, kin ji ko? Kin yi alkawari?" Ta ce ta ji, ta kuma yi. Aka sanar a coci, aka sanar a masallaci, aka kafa wani allon ƙarfe a bakin gonar rogo, jif ta tafi. Ba a yi kwana goma ba sauran mata suka koma ramukansu, da farko ɗari-ɗari, daga baya har da hira da shewa. Malam Tanimu da kansa ya kira Mama ta kan shinge ya ce, "Ki bi ta cikin gidana ki ɗiba, ni ban ga komai ba." Ta gode masa ta ce a'a, ta riga ta ce to a gaban mutane, kuma sunanta ne a littafi. Na daɗe ina jin haushin wannan magana. Sai da na girma na gane rabinta tsoro ne: gwauruwar da ba ta da mai tsaya mata, in aka tafi da ita ofis ko na kwana biyu ne, dangi sun sami dalili.

Sai muka koma ɗibar ƙasa a bakin rafi, tafiyar ta ninka uku. Mama ta murza ƙasar a tsakanin yatsu, ta yi tsaki. Yashi ya yi mata yawa, ko ni yarinya na ji a tafin ƙafa da muke tattakawa, ba ta riƙe ƙafa, sai santsi. Daro ukun nan na tudu ta ware su ta shafa ta gabas inda ruwa ya fi duka, sauran jikin ta rufe da ta rafi, ta ƙara ciyawa, ta shafa ruwan ɗorawa har sau biyu. Da ya bushe ya yi kyau a ido. Ruwan farko bai yi masa komai ba, na biyu ma haka, har na fara sakin jiki. Da marka ta kama sai yaɓen ya fara ɓarewa, kullum da safe in tarar da laka a gindin duwatsu. Muka ɗaura masa tsohuwar tabarma, muka ɗaura buhunan taki, Luka ya tokare shi da itace biyu. Mama ta daina waƙa.

Ranar Lahadi rumbun ya faɗi, muna coci. Kwana uku ruwa bai ɗauke ba, ƙarar kwano ta hana a ji wa'azi. Da aka tashi muka taho a guje da ganyen ayaba a ka, ni ce a gaba, na tura ƙyaure na tsaya cik. Gindin rumbun ya jiƙe ya buɗe, ya durƙushe a kan duwatsunsa, jinkar ta karkace gefe, dawa ta zubo cikin taɓo, kaji da awakin maƙwabta sun taru a kai suna shagali. Ɓangaren gabas kaɗai ya rage a tsaye, inda daro ukun nan suke. Mama ta iso ta tsaya a bayana, Rahila a goye, littafin waƙoƙinta a hannu cikin leda. Ta miƙa mini littafin, ta durƙusa da kayan cocinta ta fara tsince dawa tana zubawa a zani. Matan zumuntar coci suka zo suka taya mu, matan gidan Malam Tanimu suka share mana zaurensu mu shanya. Amma ina rana a tsakiyar marka? Cikin kwana huɗu rabin dawar ta tsiro, sauran ta yi funfuna, gidan duk warin tsami. Abin da muka tsira da shi ba zai kai mu sabuwar acca ba, kowa ya gani.

Baba Bitrus ya bari sai da aka yi mako biyu kafin ya zo, kuma da ƙwaryar masara ya zo. Ya zauna a kan turmi yana kallon ƙasa ya ce, "Matar yayana, ba ni na faɗa ba, rumbu ne ya faɗa." Mama ta ce ta sani. Luka aka ba wani ɗan'uwan Baba a Kwoi mai gonar citta, ni aka ba gwaggona a Kafanchan wadda mijinta ke aikin jirgin ƙasa, Rahila aka bar wa Mama don ba a daɗe da yaye ta ba. Aka ce na shekara ɗaya ne, kafin a gina wani rumbu. Ran tafiyata Mama ta yi mini kitso, ta lallaɓa gashin ta rufe filin ƙwallon nan, ta raka ni tasha. Motar ta bi ta gefen Dogon Tudu, na ga mata biyu a ramukansu suna ɗibar ƙasar toshe yoyo, allon ƙarfen yana tsaye a bayansu, an shanya zani a kansa. Kai, ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Shekara ɗayan nan ita ce har yau. An gina wani rumbu, amma kafin nan an sa Luka makaranta a can, ya saba da tsagar citta, ni kuma gwaggo ta haihu tana bukatar hannu. Kirsimetin farko da na dawo, Rahila ta ɓuya a bayan zanin Mama, kuma har yau Anti take ce mini, ba Yaya ba. Luka yaren mutanen Kwoi ya fi namu zama a bakinsa. Ba mu yi faɗa ba, ba mu ƙi juna ba, muna haɗuwa a biki da jana'iza mu gaisa da ladabi kamar surukai. Masu jif kuwa ba su sake dawowa ba, ko sau ɗaya. Allon ya yi tsatsa, wani ya cire ya yi ƙofar akurki da shi. Gari ya girma, aka zuba kwalta, masu gini suka shigo da tifa suka cinye Dogon Tudu loda bayan loda, inda muke zamiya yanzu gidan mai ne da shagunan waya. Ramin Mama ne kawai ba a taɓa ba. Mata ba su sa masa diga ba saboda ƙa'ida, tifa ba ta kai wurin ba saboda gidan Malam Tanimu da ɗorawar nan sun tare hanya, Mama kuma ba ta ƙara taka wurin ba. A hankali ya zama bola, shara ta binne shi, kowa ya manta.

Bara waccan ana faɗaɗa hanyar tasha, katafila ta ture bolar, sai ga jan bango ya fito, tsawonsa bai fi na bas biyu ba, tubalan nan a jere. Matasa suka ɗauka a waya, magana ta bazu, wasu sababbin masu jif suka zo. Wannan karon an yi abin kirki, ba zan hana su yabo ba: an kewaye da ƙarfe, an yi rumfar kwano a sama, an sa mai kula da wurin, 'yan makaranta suna zuwa a layi. Ni ina Kafanchan a kan keken ɗinki, da gwiwa mai ciwo da wuyan da har yau ba ya son sanyi, ban yi niyyar zuwa ba. Me zan gani? Rahila ce ta kira, da yake a gidanta Mama take zaune yanzu, ta ce, "Anti, Mama ta ce sai kin zo kin kai ta."

Muka je da hantsi a keke mai ƙafa uku, Mama ta ɗaura zanin zumunta, tana dogara sanda. Mai kula da wurin, wani dattijo mai ladabi, yana yi wa wasu baƙi bayani. Ya nuna wani wawakeken rami a jikin bangon, daidai tsayin ƙirji, ya ce ana kyautata zaton nan ne mahara suka yi ƙoƙarin fasawa, ga sawun makamansu nan har yanzu. Na dubi sawun. Bakin digar gidan fasto ne, wadda ta ɗan karkace hagu. Mama ba ta ji sosai yanzu, ta ja hannuna ta ce me yake cewa, na sunkuya na faɗa mata a kunne da yarenmu. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, baƙin suka juyo suna kallonmu. Na buɗe baki zan yi wa mutumin bayani, sai na ji na gaji tun ban fara ba. Daga ina zan soma, daga rumbu ko daga Kwoi?

Da baƙin suka wuce Mama ta matsa ta kama ƙarfen da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, irin kallon da take yi wa tulin ƙasa a tsakar gida, na kuma san awo take yi. Can ta ce, "Dubi yawanta, Saratu. Daro goma sha bakwai fa kawai suka rage mana." 

A da tudun nan ba shi da mai gadi, ba shi da rumfa, amma yana riƙe da rumbunan unguwa guda, mu huɗu kuma muna sa hannu a kwano ɗaya da jar ƙasa a farce. Yanzu ruwa ba ya taɓa shi, duk wanda ya zo sai ya ce an yi sa'a da wannan guntu ya tsira. Ban ce kada a adana shi ba. Ni ma da na hango sawun yatsun nan a jikin tubali sai da na tsaya ina kallo. Sai dai na san wadda ta bar shi a tsaye, na kuma san abin da ya faɗi a madadinsa. Na mayar da Mama gidan Rahila, aka kawo mini ruwa a kofin baƙi, na sha, na kama motar Kafanchan kafin la'asar. Ganuwar tana nan, mu ne muka watse.